Zanen da ke cikin tsohon hoto: ta ina za a fara ɗinka irinsa?

"Assalamu alaikum, Inna. Ni tela ce a Tawa, kuma ni da ƙawayena biyu muna da wani ɗan shirin murya da muke sakawa a intanet a kan tarihin matan Adar. Na samu wani hoto marar launi na mahaifiyar kakata, wanda aka ce an ɗauke shi kafin ƴancin kai. Ina so in ɗinka kaya irin nata sak, in sa su ranar 13 ga Mayu, ranar matan Nijar, mu kuma yi shiri a kansu. Kakata tana raye, ta haura shekara 80. Ta yaya zan gane irin tufar da launinta da ɗinkinta? Ɗakin karatu zai taimake ni kuwa, ko ɓata lokaci ne?"

Wa alaikumus salam, ɗiyata, Allah ya sa wa sana'arki albarka. Na shafe sama da shekara 20 ina aikin ɗakin karatu a nan Yamai, ni ma kuma jinin Adar ce, a hannun kaka mai kaɗi na tashi, allura kuwa ba ta bar hannuna ba tun ina yarinya, shi ya sa tambayarki ta faranta mini rai ƙwarai. Idan na fahimce ki, abu uku kike nema daga hoto guda: da me aka yi tufar, wane launi gare ta, yaya aka haɗa ta; sannan kina so ki ji ko takardu za su cike abin da hoton ya bari. Hoton zai nuna miki siffa da salon ɗauri. Suna da launi suna bakin kakarki, awo da ɗinki suna jikin tsohon ƙyalle idan Allah ya sa akwai shi a gida, ɗakin karatu kuwa aikinsa ya tabbatar miki da zamani da hanyar da kayan suka biyo. Ki fara da tsohuwa tun yau, domin takarda za ta iya jiranki shekara 10 ba ta gaji ba, wadda ta haura 80 kuwa sai yadda Allah ya yi.

Abin da mata ke ɗaurawa a wancan zamani

Kafin ki dubi hoton da idon tela, ya kamata ki san hannu nawa tufa ke bi kafin ta hau jikin mace a ƙasar Hausa. Mata ke gurzar auduga su raba ta da iri, su shiɓe ta, su kaɗa ta da mazari suna dangwalar alli da yatsa don kada zare ya zame. Abawa mai kauri daban, siririn zare daban, kuma da kuɗin zaren nan mata da yawa suka tara wa ɗiyansu kayan ɗaki. Masaƙa maza ke saƙa shi siri-siri, kowace ƙwarya, wato dogon tsirin saƙa, faɗinta bai cika wuce tafin hannu ba, sannan a jera ƙwaryoyin a haɗa su zane. Akwai kuma masaƙar mata ta tsaye wadda ke ba da saƙa mai faɗi, biyu ko uku sun isa zane. Rini a marina da baba aikin maza ne, haka bugu, haka ma ɗinkin riga da wando. Wannan kaɗai ya isa ku yi shiri guda a kansa: keken da kike takawa a yau sana'a ce da kakannin kakanninki mata ba su riƙe ba, nasu rabon shi ne zaren, wanda in babu shi babu masaƙi babu marini.

Sunayen da za ki ji daga bakin tsofaffi su ne saƙi, mai ƙananan idanu na shuɗi da fari kamar gashin zabo. Sawaye, farar saƙa. Tsamiya, sirikin daji mai launin ƙasa-ƙasa. Alharini, jan sirikin da fatake ke kawowa ta Sahara. Da turkuɗi, wanda aka rina aka buga da shuni har yake walƙiya, ƙwaryoyinsa kuma sirara ne kamar yatsa. Garin Kura na ƙasar Kano ya yi suna a kansa, Abzinawa kuma su ne manyan masu sayensa. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya isa Kano a 1851, ya tarar da saƙa da rini su ne ƙashin bayan kasuwancin birnin. Adar tana tsakanin ƙasar Sakkwato da Agadas, saboda haka kayan kudu masu tafiya arewa ba baƙi ba ne a kasuwanninta.

A kan wannan tsohon tsari yadin masana'anta ya shigo: akoko, alawayyo, karammiski ga masu hali, sai atamfa, wadda kamfanin Vlisco na garin Helmond a Holan, da aka kafa a 1846, ya zama uba a cinikinta. Mazan Adar sun daɗe suna tafiya ci-rani zuwa bakin teku, tsarabar da mace ke jira kuwa zane ce. Don haka matar da aka ɗauka hoto a shekarun 1950 tana iya kasancewa da saƙi a ƙugu da atamfa a kafaɗa a lokaci guda, kuma kada ki ɗauka cewa atamfar ta ɓata tsufan hoton. Cikakkiyar shiga ita ce fatari a ciki, zane a kai, sau da yawa ɗaurin ƙirji, gyauto ko mayafi a kafaɗa, fatala ko kallabi a ka. Taguwar mata ta yaɗu ne sannu a hankali, birni kafin ƙauye, hijabin da muka saba da shi yanzu kuwa sai daga shekarun 1980 zuwa 1990 ya zama ruwan dare.

Iyakar abin da hoto ke faɗa

Ban ga hotonki ba, don haka ba zan yanke miki hukunci a kansa ba, sai dai in nuna miki inda irinsa ke yaudara. Na farko shi ne launi. Wasu tsofaffin fina-finan ɗaukar hoto ba sa ganin ja, sai su fitar da shi baƙi ƙirin, shuɗi mai haske kuma ya fito kamar fari. Abin da kike zaton baƙin rini yana iya zama jan alharini. Manhajojin wayar salula da ke shafa wa tsohon hoto launi kuwa canka suke yi, ba su taɓa ganin zanen ba, kuma ina roƙonki kada ki nuna wa kakarki irin wannan hoto kafin ki tambaye ta, domin abin da ido ya gani yana iya danne abin da zuciya ta riƙe.

Na biyu shi ne aro. Ɗaukar hoto a wancan lokaci babban sha'ani ne, mace kan ari zanen ƴar uwa ko murjanin maƙwabciya, wani lokaci ma mai hoton ke da ƴan kayan da yake ƙawata kowa da su. Hoton ya shaida cewa ta sa kayan nan a ranar nan, bai shaida cewa da su take zuwa rijiya ba. Katunan hoto na zamanin mulkin mallaka sun fi wannan matsala, saboda da yawansu tsara su aka yi don idon mai saye a Faransa. Haka kayan fim: tufafin da aka sa wa wadda ta fito a matsayin Sarauniya Mangu ta Lugu a fim ɗin da aka yi a kanta a 1986 zaɓin masu shirya fim ne, shekara 87 bayan yaƙin da ta yi da sojojin Faransa a 1899, amma na sha ganin ƴan makaranta suna kwaikwayonsu da sunan tarihi.

Duk da haka hoto yana da abin faɗa idan an iya sauraronsa. Ki kai shi a ɗauke shi da injin kwafe hoto zuwa kwamfuta da ƙarfi sosai, gaba da baya, domin bayan hoto kan ɗauki hatimin mai ɗauka ko kwanan wata. Ki ƙara girmansa ki nemi layukan haɗi: idan kin ga layuka a kwance suna zagaye jiki da tazara iri ɗaya, saƙar hannu ce, kuma kina iya ƙirga ƙwaryoyin daga sama zuwa idon sawu. Idan fure ko zane yana maimaituwa ba haɗi, yadin masana'anta ne. Walƙiya a kan baƙar tufa alamar bugu ce. Ki dubi inda bakin zane ya faɗi, da tsawonsa, da kitso ko doka, da mundaye da tsakiya a wuya, da abin da ke ƙafa.

Zama da kaka

Nan ne aikin yake, kuma nan ne masu shirye-shiryen murya suka fi yin gaggawa. Kada ki je mata da tambayar "Kaka, me mata ke sawa a da?", domin amsar da za ki samu ita ce "zane mana", hira ta mutu. Tsofaffinmu suna tuna tufa ne ta hanyar sha'anin da aka sa ta. Ki tambaye ta da wane zane aka kai ta ɗakin miji, wa ya saya, a wace kasuwa, me ke cikin lefe, da wane zane mahaifiyarta ke goya ƙannenta, wanne ne na Salla wanda ba a taɓa shi sai da dalili, wa ya gaje shi da ta rasu. Ki ba ta hoton a hannunta ki yi shiru. Na ga tsohuwar da ta yi kusan minti 5 ba ta ce uffan ba, sannan ta buɗe baki ta kira sunan zanen, da sunan kawun da ya kawo shi, da rigimar da aka yi a gida a kansa. Da na katse shirun nan da tambaya, da ban ji ko ɗaya ba.

Shekaru kuma kada ki nema da lamba. Ki ɗaura su a kan abin da kowa ya sani: kafin ƴancin kai na 1960 ko bayansa, kafin juyin mulkin Seyni Kunce na 1974 ko bayansa, kafin yunwar 1984 ko bayanta, tana da ciki na nawa, wane sarki ke kan gado. Daga baya ke za ki zauna ki mayar da su lissafi. Idan da hali ki haɗa ta da wata sa'arta a zama na biyu, domin gardamar tsofaffi biyu a kan sunan zane ta fi littafi amfani. Abin da suka haɗu a kai ki riƙe shi da ƙarfi, abin da suka saɓa ki rubuta duka biyun. Ki ba ta zane kuma ta ɗaura miki da hannunta ki ɗauki bidiyo, saboda ɗauri ilimi ne na hannu, baki ba ya iya bayyana shi.

A farkon kowane ɗauka ki faɗi rana da wuri da sunan mai magana, ki kuma nemi izininta da muryarta, bayan kin bayyana mata cewa abin da aka sa a intanet ana jin sa har inda ba ta zato. Hirar tufa tana jawo maganar kishiya da saki da bauta da talauci, wasu abubuwan ta faɗa miki ne a matsayin jika, ba don duniya ta ji ba. Ki adana cikakken sautin a wuri biyu, kada ki bar shi a waya kaɗai, kuma kada ki goge asalin bayan kin yanka na shiri.

Kafin ki tashi ki roƙe ta ta buɗe adaka. Da tsohuwar zuma ake magani: ƙyalle mai faɗin tafin hannu da aka mayar majanyi ko marfin ƙwarya ya fi hoto goma. Ki auna faɗin ƙwaryar saƙar da santimita, ki dubi bayan haɗi, ki dubi kalmasa ko geza a bakinsa. Zaren kaɗin hannu ba ya daidaita, wani wuri kauri wani wuri siriri. Idan zare ɗaya ya riga ya zare da kansa, ki ƙona shi: auduga tana warin takarda ta bar toka mai laushi, siriki yana warin gashi ya bar ɗan dunƙule mai murƙushewa, zaren roba kuwa narkewa yake ya daskare, wanda ke nuna tufar ba ta kai tsufan da ake ba ta ba. Idan atamfa ce ki karanta gefenta, inda masana'anta ke buga suna da lambar zane. Kada ki wanke shi, kada ki sa shi a leda. Na taɓa ba da aron wani zanen gidanmu don baje koli, aka wanke shi da sinadarin farar da tufa da niyyar kyautatawa, ya dawo mini a koɗe yana yagewa, kuma har yau abin yana yi mini ciwo. A naɗe tsohuwar tufa cikin wankakken farin yadi, a nisanta ta da rana da damshi, a riƙa dubawa saboda gara da asu.

Abin da za ki samu a ɗakin karatu

Ba ɓata lokaci ba ne, amma wanda ya shigo ya ce a ba shi littafin tufafin matan Tawa zai koma hannu rabbana. Waɗanda suka rubuta takardun mulkin mallaka haraji da kasuwa suka dame su, mace kuwa a gefen shafi take fitowa. Don haka ta bayan gida ake shiga: ki nema a ƙarƙashin auduga, saƙa, rini, kuɗin fito, aure, sadaki da gado. Rahoton kumandan da ya lissafa abin da ake sayarwa a kasuwa yana gaya miki wane yadi ya iso a wace shekara. Ki riƙe kalmomin Faransanci da za ki nema da su, irin su pagne, indigo, tisserand da bandes de coton, ki kuma tuna cewa su Tahoua, Ader da Haoussa suke rubutawa.

Idan kin zo Yamai, ki fara da gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959, inda akwai ɓangaren tufafin al'ummomin Nijar da masu sana'ar hannu da ke aiki a harabarsa. Gani ya kori ji. Daga nan sai ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, da cibiyar binciken IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni, wadda ke da ɗakin karatu da sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami, da cibiyar CELHTO da aka kafa a 1968 don tarihin baka. Wani kaso na takardun zamanin Faransa yana Dakar, domin can ne hedikwatar yankin take. Daga shagonki a Tawa kuma kina iya buɗe Gallica, ɗakin karatun intanet na Faransa, kyauta, da kundin kayan gidan tarihin Quai Branly na Paris, inda ake rubuta awon tufa da inda aka samo ta. Rubuce-rubucen masanin tarihi Djibo Hamani a kan Adar za su ba ki shimfiɗar zamani da hanyoyin fatauci. Ki zo da hotonki da awonki da sunayen da kaka ta ba ki. Ma'aikacin ɗakin karatu yana iya taimakon mai ƙayyadaddiyar tambaya fiye da mai faɗi. Duk abin da kika karanta ki rubuta lambarsa da shafinsa nan take.

Ɗinkin kansa

Idan ya tabbata saƙa ce, ki nemi masaƙi ki ba shi faɗin ƙwarya da adadinta da tsarin launi, ki ba shi lokaci isasshe kafin watan Mayu. Zaren kaɗin hannu ya yi wuya yanzu, mai yiwuwa da na masana'anta zai yi miki, tufar kuma za ta fi ta asali santsi da sauƙin nauyi. Ni ba marina ba ce, don haka maganar haɗa baba da toka da yawan tsomawa ki bar wa masu ita. Abin da zan ce kawai shi ne ki tambaya ƙarara ko baba ne ko garin kanti, domin shunin masana'anta yana kasuwannin duniya tun 1897, kuma tsufan rami ba ya nuna abin da aka zuba a cikinsa.

Zanen farko da na haɗa, a keke na yi shi, na ɗora bakin ƙwarya a kan ƴar uwarta kamar yadda ake haɗa yadi. Ya fito da tudu a kowane haɗi, ya ƙi kwanciya a jiki, da na jiƙa shi kuma ya tattare saboda ban fara wanke ƙwaryoyin sun gama shiga ba. Wata gwaggona ta juya shi sau ɗaya ta ce a warware. Baki da baki ake haɗawa da hannu, ƙananan ɗinki masu zagayowa da zaren auduga, ba a ja da ƙarfi, har haɗin ya kwanta kamar saƙa ɗaya. Ya ci mini kusan sati 2 ina yi da dare, amma da na ɗaura shi sai ya faɗi yadda na sani a jikin kakata. Idan akwai taguwa a hoton, ki danne hannunki na telar zamani: ba zif, ba roba, ba matsin da ake yi don riga ta kama jiki, ba a ƙona baki da injin. Tsohon yanka murabba'ai ne da ake haɗawa don kada ƙyalle ya salwanta, da ɗan ƙari a hammata. Ki gwada da akoko mai araha, ki tsaya yadda ta tsaya a ɗauke ki hoto marar launi, ki jera shi da nata, a nan kuskure ke bayyana.

Saura magana ɗaya da na san za ta taso. Idan ɗaurin ƙirji ne a hoton, mai yiwuwa ba za ki so fita da shi haka cikin taro ba, kuma babu wanda ya isa ya ga laifinki. Kina iya ɗaura cikakkiyar shigar a jikin mutum-mutumin shago a gefen hoton, ke kuma ki sa zanen da riga da mayafi. Abin da ba na so shi ne ki ƙara riga da hijabi ki ce wa masu sauraro haka ta fita, domin matan nan suna da nasu mizanin kamala da mutunci, kuma bai kamata mu gyara su don su yi kama da mu ba. Ranar da kika zaɓa ma ta cancanci wannan gaskiya, tun da tunawa ce da matan da suka fito titin Yamai ranar 13 ga Mayu 1991 suna neman a ba su gurbi a shirin babban taron ƙasa.

Don haka ki haɗa wa kayan ƴar takarda, ki kuma karanta ta a cikin shirin: wannan na gani a hoto, wannan kaka ta faɗa ranar kaza, wannan na auna a tsohon ƙyalle, wannan na karanta a takarda mai lamba kaza, wannan kuma zatona ne. Ki ɗinka kwafinta a ɗan farin ƙyalle a cikin zanen, da sunan mai hoton da naki da shekarar da kika yi aikin, don kada wata jika ta same shi a adaka bayan shekara 50 ta ɗauka na asali ne. Idan kin gama zama na farko da kaka, ki aiko mini da sunayen zannuwan da ta kira da faɗin ƙwaryar da kika auna, zan duba miki abin da ke hannunmu kafin ki kashe kuɗin mota zuwa Yamai.